Rigar Ayashe da Ma'aunin Isufu

Bakansin bana, da aka ba su dogon hutu, jikata Nafisa ta zo mini Magarya da ƙawayenta biyu. Dukkansu a jami'a suke, suna karatun ƙera kayan asibiti, irin waɗanda aka ce za su dace da ƙasashen talakawa kamar tamu. Suka baje ordinatar, kwamfutar nan tasu, a kan tabarma suna nuna mini zanen wani akwatin ɗumama bakwaini, yana ta juyawa shi kaɗai. Na tambaye su wa zai ɗinka shimfiɗar cikinsa, kuma wace kala za a sa. Ɗayarsu ta ce, "Hajiya, ai wannan ƙaramin abu ne, kowane tela zai yi." Nafisa ta nuna kekena da ke lulluɓe a lungu tana dariya, ta ce, "Ga ma babbar injiniya muna da ita a gida."

Na ce, "Ja'ira, ranar da na fara aiki da ɗan jami'a, uwarki ma ba a haife ta ba."

Suka ce in ba su labari. Ban kai rabi ba aka kira la'asar, washegari kuma suka kama hanya. Shi ya sa na sa aka sayo mini kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, in rubuta musu sauran.

Ɗinki na koya a Damagaram wurin Gwaggo Abu, ƙanwar babana, wadda na zauna hannunta lokacin da nake kwaleji. Da na sami bireve, takardar gama kwaleji, karatu ya tsaya nan, sai ta zaunar da ni gefen kekenta. Wata shida ban taɓa keken ba. Aikina farke ɗinkin da ya karkace, da yin ramin maɓalli da hannu, da hura gawayin dutsen guga. Ranar da ta yarda na hau, kalmasar zane ta ba ni. Na gama ina jin daɗi, ta karɓa, ta taka gefe ɗaya da ƙafa, ta ja ɗayan da hannu biyu, ɗinkin ya ɓalle tun daga sama har ƙasa. Ta miƙo mini ta ce, "Wadda za ta ɗaura zanen nan rijiya za ta je, ba zaman ado za ta yi ba. Sake." Tun daga ranar ba na ba da aiki sai na ja shi da ƙarfina.

Da aka kawo ni Magarya gidan Malam Mamman, malamin lakwal, wato makarantar boko, Gwaggo ta haɗo ni da tsohon kekenta na hannu, baƙi mai zanen ruwan zinariya da ya fara gogewa. Ta haɗo da almakashi guda, da kwarkwaro huɗu, da ƴar kwalbar mai, da santimetir, wato igiyar awon nan mai ruwan ɗorawa da tela ke rataya wa a wuya. A tsakar gida nake aiki, ƙarƙashin rumfa. Masu kawo mini ɗinki matan unguwa ne da ba sa son namiji ya auna su: rigar suna, rigar sallah, kayan ƴan lakwal. Shekarun gyaɗa, kafin sallah sai in rasa inda zan ajiye atamfa. Mace takan shigo da turmi a ƙarƙashin mayafi, in ta ga na ciro santimetir sai ta miƙe tana murmushi tun kafin in ce ta tashi.

Sai babban farin nan ya zo. Shekarar farko ɗinki ya ragu. Shekara ta biyu aikin ya koma iri ɗaya: a rage. Rigar da na ɗinka wa mace da hannuna shekara uku baya, ita za ta dawo da ita ta ce, "Malama Saude, ɗan tsuke mini, ta yi mini yawa." In tsuke, bayan wata biyu ta sake kawowa. A kasuwa kuwa masu atamfa sai korar ƙuda, yadi ɗaya ne ke tafiya, farin alawayyo, kowa kuma ya san abin da ake yi da shi. Allah Ya jiƙan waɗanda aka sa a ciki.

Cikin daminar shekarar, ruwa ya dawo amma rumbu babu ko zangarniya, Isufu ƙanen maigidana ya zo hutu. Shekararsa uku yana karatun injiniya a wata jami'a a Dakar. Malaminsu ya ce kowa in ya je gida ya ƙera wani abu da ɗakin shan maganin garinsu ke buƙata, ya gwada shi, ya rubuta abin da ya gani, da shi za a ba shi sakamako. Lokacin an aiko wa dispansar, ɗakin shan maganin namu, madarar gari da garin kunu na taimako, amma ba za su ishi kowa ba. Ƙa'idar masu aikowa ita ce a auna yaro, a rubuta nauyinsa a karne, wato katin awo, wanda ya faɗi ƙasa da jan layi shi za a ba. Ma'aunin dispansar kuwa mai faranti ne, nauyi gare shi, ba ya zuwa ƙauye, allurarsa ma ta daina komawa daidai.

Isufu ya shigo da sallama, ya ajiye wani abu mai fuskar agogo da ƙugiya a ƙasa, ya shimfiɗa takarda a kan kekena.

"Matar yaya, an ce kin iya ɗinki. Gaskiya ne, ko yaya ne ke rufa miki asiri?"

Na duba zanen na ce, "Ikon Allah. Shekara uku a Dakar, abin da ka koyo ke nan, wandon jariri?"

Ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya bayyana mini: wando ne mai igiya biyu, a sa yaro a ciki, a rataya a ƙugiyar, a rataya ma'aunin a reshen itace, allura ta nuna kilo. Duka ya shiga jakar hannu, ko a jaki a kai shi Dancawo ko Dungas. Ya kuma sassaƙo wata siririyar sanda ya yi mata layukan santimetir, ta auna tsawo. Zanen ya yi kyau, kowane gefe da lambarsa, har inda zan ninka ɗinki ya nuna. A ƙasa an rubuta da Faransanci: farin yadi.

Na ce, "Isufu, fari?"

Ya ce, "Fari. Datti ba ya ɓuya a jikinsa, kuma ana iya dafa shi a tukunya. Malaminmu da kansa ya sa hannu."

Farin bai kwanta mini a rai ba, amma na karɓi takardar. Na ce a raina, ni da karatuna ya tsaya a bireve, me zan gyara a takardar da malamin jami'a ya sa wa hannu? Ku riƙe wannan wurin, don kuskuren da aka yi rabinsa nawa ne.

Wando goma na ɗinka. Alawayyo ninki biyu, allura mai kauri, igiyoyin na ninka su huɗu na bi su da layi biyar-biyar, inda suka haɗu da wandon na yi ɗinkin akwati na ratsa shi gicciye. Muka cika buhu da yashi har kilo ashirin muka rataya a sandar rumfa tun hantsi har azahar, ko zare ɗaya bai motsa ba. Isufu ya ce, "Wallahi da ke aka kai Dakar da kin fi ni." Na ce, "Wannan ai an daɗe da sani."

Ranar awo ta faɗo ranar kasuwa. Da yake ina rubuta Faransanci, anfarme, malamin jinyar dispansar, ya roƙi maigidana in zo in riƙa cika karne, ya yarda. Aka rataya ma'auni a itacen bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar dispansar. Iya Gambo, tsohuwar ungozomar garin, ita ke jera mata. Sun fi ƙarfin inuwar, kowace da goyo, ba mai magana da ƙarfi.

Ta farko a layi wata ce mai suna Hansatu. Tun asuba ta taso a ƙafa daga wani ƙauye kusa da Yekuwa. Ta kwance ƴarta, na tambayi suna, ta ce Ayashe. Na ɗaga kai na dube ta, don ba a sa wa yarinya wannan sunan sai in na gabanta ba su tsaya ba. Shekararta biyu, gashinta ya yi ja ya kwanta, damtsenta bai fi babban yatsana biyu ba. Ba ta kuka. Ido kawai.

Isufu ya kwantar da ita a tabarma, ya miƙe mata ƙafafu, ya ɗauko sandar nan ya shimfiɗa ta a gefenta daga kai zuwa diddige. Na ji layin ya yi tsit. Shi bai lura ba, yana ta faɗo mini lamba. Ya tuɓe mata ƴar tsummar da ke jikinta, ya sa ta cikin farin, ya ɗaga ta sama wajen ƙugiya.

Hansatu ta yi wata ƙara da har yau in na tuna nake jinta a kunnena. Ta fizge yarinyar tana cewa, "Da ranta! Wallahi da ranta! Ku duba, tana numfashi!" Ta tuɓe mata wandon ta jefar, ta saɓa ƴarta ko goyawa ba ta tsaya yi ba, ta bi ta cikin kasuwa. Kafin in rufe bik, layin ya watse. Mata uku kawai suka rage, su ma sun juya baya.

Isufu ya tsaya da igiya a hannu yana cewa, "Me na yi? Iya, me na yi?"

Iya Gambo ta ɗauki sandar ta juya ta, ta ce, "Ɗan nan, a garin nan yaushe ka taɓa ganin an kwantar da mutum an gwada kara a jikinsa daga kai zuwa ƙafa?"

Isufu ya dubi sandar da ke hannunta.

"Ka gwada mata kara, ka tuɓe ta, ka sa ta a alawayyo. Saura a kira liman. Wannan kuma," ta nuna ƙugiyar, "ko mahauci sai ya yanka yake ratayawa."

Isufu ya zauna a kan saiwar itacen. Can ya ce, "Na sani, Iya. Ranar da Baba ya rasu ni na kai wa masu haƙa karan awon da hannuna. Wata takwas ina zana abin nan, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba."

Na roƙi anfarme a ba ni madara in aika wa Hansatu haka nan. Ya ce ba shi da iko, takardar da ba nauyi a ciki ba a fitar mata da gwangwani, in ya fara kuma gobe za a rufe rabon gaba ɗaya. Ba mugu ba ne, shi ma idonsa ya kawo ruwa. Iya Gambo ta san gidan. Ta ce biyu Hansatu ta binne tun shigowar fari, wannan ita ta rage, kuma yadda ta ga idon yarinyar, in aka yi mako biyu ba a sa mata wani abu a ciki ba, sai dai haƙuri. Kwana biyar suka rage a fita zagayen ƙauyukan Yekuwa. Cikin kwana biyar ɗin sai mun sami abin da Hansatu za ta yarda a sa ƴarta a ciki.

Washegari muka zauna a rumfa mu uku. Isufu ya ce a kai wandunan marina a rina su shuɗi. Iya Gambo ta ce, "Rina su ko da jinin kaza ne. Labari ya riga ya kai kowace rijiya. Kuma wace uwa za ta sa ɗanta a tsummar da aka cire daga jikin ɗan wata mai zawo?" Ana cikin haka maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta sunkuya, ta kwance majanyi, ta zamo da ɗanta gaba, duk cikin motsi guda, yaron ko farkawa bai yi ba.

Na ce, "Isufu, me zai hana a auna kowane yaro cikin majanyin uwarsa?"

Ya ce, "Ba zai yiwu ba. Wani majanyin saƙi ne mai nauyi, wani tsumma ne. Awon zai ɓaci."

"Da ana sayen gyaɗa, ba a cire nauyin buhu?"

Ya ɗauko ma'aunin ya juya bayansa, akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa allura ta koma sifiri. Ya ce, "A rataya majanyin shi kaɗai, a mayar da allura, sannan a sa yaro." Ya dube ni ya ce, "Matar yaya, ki rabu da yaya ki aure ni." Iya Gambo ta ce, "Da wane gemun?"

Amma bai yarda nan take ba, kuma a nan na ga amfanin karatunsa. Ya sa aka aro majanyi ashirin a unguwa, ya auna buhun yashi guda a cikin kowanne sau uku-uku yana rubutawa, har ya tabbata allura wuri ɗaya take tsayawa. Ya gano wanda ya tsufa yana iya yagewa, ya ce irin wannan a ninka shi biyu. Ni da ni kaɗai ce, da na gwada ɗaya na ce ya yi.

Nawa aikin maɗauki ne, wanda zai riƙe majanyin a jikin ma'auni. Na sami baƙin saƙi wurin masaƙa, na yanka tsawon kamu biyu, na ninka huɗu, na yi wa kowane bakinsa kunne mai faɗin hannu. Allura biyu na karya, don saƙi ninki huɗu keken hannu ba ya son sa, sai ana juya shi a hankali ana taimaka masa da yatsa. Bakin majanyi zai ratsa kunnen, uwar ce za ta ƙulla da irin ƙullin da ta saba, ba wanda zai taɓa mata yaro. Ƙugiyar kuwa Isufu ya kai maƙera aka lanƙwasa ta ta zama zobe, na naɗe ta da jan ƙyalle. Sandar, Iya Gambo ta sa ta a murhu ta dafa mana shayi.

Saura tsawo. Isufu ya ce dole ne, akwai gurbinsa a karne. Hannuna na kan santimetir ɗin da ke wuyana, na tuna yadda mata ke miƙewa da murmushi in sun gan shi. Na ce, "Bar mini wannan."

Muka tafi a amalanken jaki, ni da Iya Gambo a sama, Isufu da anfarme rabin hanyar a ƙasa suke saboda yashi. Gero ya kai gwiwa, kore shar ko'ina, mutanen da ke noma shi kuwa kamar iska za ta ɗauke su. Muka isa ƙauyen bayan azahar. Iya Gambo ta ce maza su tsaya a bakin rijiya.

Hansatu na zaune a ƙofar bukka da yarinyar a cinya. Da ta gane mu ta ja ta jikinta. Muka gaisa, muka yi mata ya ƙarin haƙuri, muka daɗe muna zancen ruwa. Sannan na ce, "Baiwar Allah, ni ce na ɗinka farin nan. Na zo ki yafe mini."

Ta ce, "Ke ce?"

"Ni ce. Tela ce ni. Ina so in ɗinka wa Ayashe riga, in kin yarda in auna ta. Ba zan ɓoye miki ba, awon zan rubuta shi a takardar likita ma. Amma rigar gaskiya ce."

Ta dubi santimetir ɗin ta daɗe. Ta ce, "Riga ta masu rai?"

Na ce, "Mai hannu da wuya, har da aljihu."

A zaune a cinyar uwarta na auna ta, kafaɗa, ƙirji, damtse, sannan Hansatu ta tsayar da ita jikin ƙirjinta na ɗauki tsawo. Iya Gambo ta rataya ma'auni a reshen gawon da ke bayan bukkar, ta ce, "Kawo majanyinki, ke za ki ƙulla, ke za ki sa ta, ke za ki sauke." Hansatu ta ja ƙullin da haƙori ta ƙara ja. Ta yi bisimilla ta sa yarinyar, amma ba ta saki ba. Na ce, "In hannunki na kai, allura ba za ta faɗi gaskiya ba." Ta janye hannun kamar kamu ɗaya. Majanyin ya ɗan yi lilo. Ayashe ta shaƙi warin uwarta a jikinsa ta lumshe ido.

Aka kira Isufu ya karanta daga nesa. Allurar ta tsaya inda ta ɗan wata shida ke tsayawa. Na rubuta, anfarme ya sa hannu, aka buɗe gwangwani a wurin, Iya Gambo ta dama na farko tana ba ta da ƙaramin cokali. Matan da ke leƙe ta saman darni suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, kowace tana kwance majanyinta. Har rana ta yi ja muna awo.

Rigar da ragowar atamfa uku na haɗa ta, na yi mata aljihu kamar yadda na faɗa. Na bar yadi mai yawa a cikin ɗinkin gefe, na ninke shi ciki, ban gaya wa kowa dalili ba. Maɗauki kuwa na ɗinka sun fi talatin kafin damina ta ƙare, aka kai Sassumburum da Dungas da wuraren da ban taɓa zuwa ba.

Isufu ya koma Dakar kafin a yi girbi. Ya rubuto cewa malaminsa ya sa an rataya maɗaukin a ɗakin karatunsu, kuma wata rana sai ya kai ni na gani da idona. Ba a yi ba. Ya gama, ya yi aiki nesa da gida, Allah Ya karɓi abinsa yana da sauran ƙuruciya. Har yau in na ji an yi sallama da rana tsaka ana wasa da murya, sai na ɗaga kai daga abin da nake yi. Allah Ya haskaka kabarinsa.

A ƙarshen wasiƙar nan ya tambaya, "Yarinyar Yekuwa fa?" Ban sami amsar ba shi ba sai bayan kaka. Wata ranar kasuwa ina rumfa aka yi sallama, sai ga Hansatu da ƙwaryar wake a ka. Bayanta wata ƴar baƙar yarinya ce ke tafe da ƙafarta, ta riƙe bakin zanen uwar, hannu ɗaya cikin aljihu. Hansatu ta sauke ƙwaryar ta ce, "Malama, rigar nan taki ta matse ta. Ko za a iya buɗawa?"

Shekara biyu ina tsuke riguna. Na ɗauko abin farke ɗinki na zauna, na ce wa yarinyar ta zo. Ta ƙi cire rigar sai da uwar ta yi mata alkawarin za a mayar mata.

Ban ƙara ganinsu ba. An ce sun yi kudu wurin dangi. In tana raye yanzu ta haura hamsin, wataƙila da jikoki, kuma ba ta san sunana ba. Santimetir ɗin yana nan cikin akwatin keke, lambobinsa na farko sun goge. Nafisa, in kun tashi gwada akwatinku na bakwaini, ki biyo ki ɗauka. Kafin ku kai shi asibiti, ku sami wata uwa ku zauna da ita a tabarma, ku tambaye ta da me ya yi mata kama.